Kafin a Danna "Tura": Jagorar Kirifto ga Sabon Shiga

Ranar 16 ga Mayun 2024 Notcoin ta fashe. Matasan da suka shafe watanni suna dangwala fuskar waya a Telegram, mutanen gida na yi musu dariya, sai ga wasunsu sun wayi gari da abin da za a sayar a karɓi naira. Kafin a ce kwabo labarin ya zaga Arewa, ɗalibi da mai shayi da matar aure kowa ya shiga dangwale. Hamster Kombat da ta biyo baya ta yi iƙirarin tara 'yan wasa miliyan 300 a duniya, amma da ta yi rabonta ranar 26 ga Satumbar shekarar, abin da ya shigo hannun yawancin mutane bai taka kara ya karya ba.

Guguwar ta wuce, ta bar jama'a da yawa riƙe da kirifto alhali ba su san mene ne ba. Wanda ya samu rabo sai ya yi tsaye: ina kuɗin suke, ta wace hanya za su koma asusun banki, me manhaja ke nufi da take neman memo? A irin wannan gaɓar sabon shiga ya fi yin asara, tun kafin farashi ya ce uffan. Kuma harkar ba ƙarama ba ce a Najeriya. Kamfanin Chainalysis mai bin diddigin hada-hadar kirifto ya sanya ƙasar a matsayi na biyu a duniya, bayan Indiya, a 2023 da 2024, ya kuma ƙiyasta cewa kirifto na kusan dala biliyan 59 ya shigo hannun 'yan Najeriya daga Yulin 2023 zuwa Yunin 2024. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kowa kuwa na neman inda zai jingina guminsa.

Kuɗin ba sa cikin waya

Wanda ya gane wannan ya yi rabin karatun. Bitcoin rubutu ne a cikin wani kundi da ake kira bulokcen, wanda dubban kwamfutoci a sassan duniya kowace ke riƙe da kwafinsa. Abin da ke ciki bai wuce cewa adireshi kaza ya tura adadi kaza zuwa adireshi kaza ba. Kusan kowane minti 10 ana ƙara sabon shafi, kowane shafi kuma na ɗauke da hatimin lissafi na wanda ya gabace shi, ta yadda mai son goge tsohon rubutu sai ya sake gina duk shafukan da suka biyo baya, ya kuma rinjayi sauran masu aikin. Wani da ya kira kansa Satoshi Nakamoto, wanda har yau ba a tabbatar ko wane ne ba, shi ya fitar da tsarin a takarda mai shafi 9 ranar 31 ga Oktoban 2008, aka buɗe kundin ranar 3 ga Janairun 2009.

Daga nan ne alfanun ya fito, daga nan kuma haɗarin. Babu bankin da zai hana a tura, kuma babu manajan da za a je a roƙa ya dawo da abin da aka tura bisa kuskure. In ya shiga kundi, ya shiga.

Bitcoin ba zai taɓa wuce guda miliyan 21 ba, kuma ba sai an sayi cikakke ba, domin kowane ɗaya yana rabuwa gida miliyan 100. Da naira 5,000 ma ana samun ɗan yanki. Bayan shi akwai kuɗaɗen da ke tafiyar da wasu kundayen, irin su ETH na Ethereum da aka buɗe a 2015, da TRX na Tron, da BNB, da TON. Sai masu tsayayyen farashi, USDT na kamfanin Tether da USDC na Circle, waɗanda aka tsara kowane ɗaya ya zauna daidai da dala 1. Ragowar dubban kuɗaɗe masu hoton kare da kwaɗo, sabon shiga ya wuce su ba tare da sallama ba.

Don koyo, USDT ya fi sauƙi, saboda farashinsa ba ya rawa yayin da mutum ke ƙoƙarin gane maɓallai. Bitcoin ya kusa dala 69,000 a Nuwamban 2021, bayan shekara ɗaya ya faɗo ƙasa da 16,000, a Disamban 2024 kuma ya haura 100,000. Mai koyo ba ya buƙatar irin wannan bugun zuciya. Sai dai tsayayyen farashi alkawarin kamfani ne kawai. TerraUSD ya ruguje cikin 'yan kwanaki a Mayun 2022, USDC ma ya sauko ƙasa da senti 90 a Maris na 2023 lokacin da bankin Silicon Valley ya durƙushe, kafin ya farfaɗo. Tether kuma na da ikon daskarar da USDT da ke cikin wani adireshi, kuma ya sha yin hakan bisa buƙatar hukumomi.

Wa ke riƙe da mabuɗi

Kowane adireshi yana da mabuɗin sirri, kuma wanda ke riƙe da shi ne kaɗai zai iya motsa abin da ke ciki. Hanyoyin ajiya biyu ne, kuma ruɗa su ya jefa mutane da yawa cikin nadama.

Ta farko, a bar kuɗin a kasuwar musaya. Mutum ya yi rajista da imel da lambar sirri, kamfani ya riƙe mabuɗin. In an manta lambar sirri ana iya sabuntawa, wanda sauƙi ne babba. Amma abin da mutum ke gani a fuskar manhaja bashi ne da yake bin kamfanin. Mt. Gox ta Japan ta rushe a 2014 da ɓatan Bitcoin kusan 850,000. FTX, wadda ke cikin manyan kasuwannin duniya, ta kife a Nuwamban 2022, aka kuma yanke wa mai ita, Sam Bankman-Fried, ɗaurin shekara 25 a Maris na 2024. A Fabrairun 2025 aka sace ETH na kusan dala biliyan 1.5 daga Bybit, satar da hukumar FBI ta Amurka ta ɗora a kan Koriya ta Arewa, ko da yake kamfanin ya cike giɓin, masu ajiya ba su yi asara ba.

Ta biyu, a buɗe walat na kai, kamar Trust Wallet ko MetaMask a waya, ko ƙaramar na'ura irin Ledger da Trezor. Da an buɗe, manhajar za ta nuna kalmomi 12, wani lokaci 24, waɗanda aka tsamo daga wani jerin kalmomi 2,048. Waɗannan kalmomi, a jerin da suka zo, su ne dukiyar baki ɗaya. Waya ta faɗa rijiya, a sayi sabuwa, a shigar da su, komai ya dawo. Wani ya gan su, ya shigar a tasa wayar a Legas ko a wata nahiya, ya kwashe komai ba tare da ya taɓa wayar mai ita ba.

Saboda haka da biro ake rubuta su a takarda, kwafi biyu, a ajiye a wurare biyu da ruwa da gobara da gara ba za su cinye tare ba. Ba a ɗaukar hotonsu, domin hotuna na hawa intanet da kansu, akwai kuma muggan manhajoji da ke lalube cikin hotunan waya don neman irinsu. Ba a tura wa kai a WhatsApp, ba a ajiyewa a imel. Ba a kuma barin mai gyaran waya ko aboki "gwani" ya buɗe wa mutum walat, domin wanda ya ga kalmomin a ranar farko yana iya haƙuri shekara guda sai kuɗi sun taru. Akwai gwaji mai kyau da ake yi tun walat ɗin babu ko sisi: a goge manhajar, a sake saukewa, a dawo da shi daga takardar. In ya dawo da adireshi iri ɗaya, rubutun ya yi daidai.

Ɓatar da mabuɗi ba ta da magani. James Howells, wani ɗan garin Newport a Birtaniya, ya ce a 2013 aka jefar da ma'ajiyar kwamfutarsa mai ɗauke da mabuɗin Bitcoin kusan 8,000 a juji. Ya shafe sama da shekara goma yana neman izinin tona jujin, a Janairun 2025 kotu ta yi watsi da ƙararsa. Kuɗin na nan a kundi, kowa na iya ganinsu.

Wace hanya ta fi? Ga mai farawa da kuɗi kaɗan, kasuwa mai rajista ta fi aminci a kan takardar da zai iya wurgarwa. In kuɗin sun fara nauyi, ko ajiya ce ta dogon lokaci, sai a koma walat na kai.

Sayen farko

Doka ta sha sauya launi a Najeriya. Ranar 5 ga Fabrairun 2021 Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da kasuwannin kirifto, a Disamban 2023 ya janye. A Fabrairun 2024 aka tsare jami'an Binance biyu a Abuja, a watan Maris kamfanin ya rufe duk hada-hadarsa ta naira. A Agustan 2024 hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta ba Busha da Quidax amincewar farko, sannan dokar zuba jari da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Maris na 2025 ta sanya kadarorin dijital ƙarƙashin hukumar. Matakin farko ke nan: a leƙa shafin SEC a ga ko sunan kamfanin na cikin waɗanda ta sani. Shi kuwa eNaira da aka ƙaddamar a Oktoban 2021, naira ce ta Babban Banki a sigar dijital, harkarsa daban.

Ana sauke manhaja ne ta adireshin shafin kamfanin na asali, ba ta mahaɗin da wani ya jefo a zauren Telegram ba, domin jabun manhajoji na sanya tufar na gaske. Za a nemi NIN ko BVN da hoton fuska, kuma sunan da ke asusun banki ya zama daidai da na rajistar. Kafin a saka ko naira ɗaya, a kunna tsaro mai mataki biyu da manhaja irin Google Authenticator. Lambar da ke zuwa ta saƙon tes ta fi rauni, tun da ɓarawo na iya sa a mayar da layin mutum kan sabon sim.

Daga nan a sayi ɗan kaɗan, adadin da in ya salwanta ba za a fasa cefane ba. A ƙaddara USDT ɗaya naira 1,500 ne: naira 15,000 za ta ba da kusan 10, bayan an zare ladan kasuwa. Wannan kuɗin makaranta ne. Da shi za a koyi turawa zuwa walat, da dawowa, da sayarwa a ga naira a banki. Wanda bai taɓa zagaya wannan da'ira da kuɗi kaɗan ba, bai isa ya saka jarinsa ba.

Layin da aka bi

Nan ne inda ƙafa ta fi zamewa. USDT ɗaya ne a suna, amma yana tafiya a kan layuka da yawa: Tron, wanda manhajoji ke rubutawa TRC20, Ethereum, wato ERC20, BNB Smart Chain, wato BEP20, da TON da Solana da sauransu. Abin kamar aika saƙo ta hannun direba ne: in mai karɓa na jira a wata tasha, aka ba motar da ke sauka a wata, saƙon ya isa garin amma bai isa hannu ba. Layin da mai karɓa ya zaɓa, shi mai turawa zai zaɓa, babu wani wai.

Fuskar adireshi na ba da alama. Na Tron yana farawa da T, haruffansa 34. Na Bitcoin yana farawa da 1 ko 3 ko bc1. Na Ethereum da na BNB Smart Chain kuwa duka suna farawa da 0x, tsawonsu ɗaya, haruffa 42, don haka manhaja ba za ta yi gardama ba in an ruɗa su. Idan walat na kai ne aka tura wa, yawanci ana iya gano kuɗin ta hanyar kunna ɗayan layin a cikinsa. Idan kasuwa ce da ba ta karɓar wannan layin, sai roƙo da jira, wani lokaci da biyan lada, wani lokaci a tashi a tutar babu.

Sai memo. A layuka irin TON, kasuwa kan ba dubban mutane adireshi guda, ta bambanta su da wata gajeriyar lamba. Wanda ya tura bai sa ta ba, kuɗinsa sun shiga gidan amma babu sunansa a kai. 'Yan dangwale da yawa a nan suka fara sanin ciwon kai.

Kowane layi kuma na karɓar kuɗin gas, kuma da kuɗinsa na gida ake biya: TRX a Tron, ETH a Ethereum, BNB a nasa. Mutum na iya riƙe USDT 200 a walat ya kasa motsa ko ɗaya don ba shi da TRX. A riƙa barin ɗan kaɗan saboda haka. Gas ɗin na hawa da sauka gwargwadon cunkoso. A 2021 akwai ranakun da tura kuɗi sau ɗaya a Ethereum ke cin gomman daloli.

Tsarin turawa mai aminci gajere ne. A kwafo adireshin daga wurin mai karɓa kai tsaye, ko a haska lambar QR ɗinsa. Bayan an liƙa, a sake karantawa, farko da ƙarshe da wani yanki na tsakiya, domin akwai cutar waya da kwamfuta da ke musanya adireshin da aka kwafa da na ɓarawo. Kada a kwafo daga tarihin hada-hada: 'yan damfara kan aiko da kuɗi 'yan mitsitsi daga adireshin da farkonsa da ƙarshensa suka yi kama da na abokin hulɗa, su zauna jiran mai gaggawa. A Mayun 2024 wani ya tura kirifto na sama da dala miliyan 60 ta wannan tarko, sa'a ce kawai ta sa aka dawo masa da su. A tura kaɗan tukuna, mai karɓa ya ce ya gani, sannan a tura sauran. Kowace hada-hada tana da lambar shaida da za a iya dubawa a Tronscan ko Etherscan, kuma ita ce hujja. Hoton rasit kowa na iya ƙirƙira.

Komawa naira

Wasu kasuwannin na biyan naira kai tsaye zuwa banki. In ba haka ba sai P2P, inda mutum ke sayar wa mutum, kasuwa na tsakiya riƙe da kirifton har a biya. Mai sayarwa ya duba tarihin mai saye, ciniki nawa ya kammala, me mutane ke cewa a kansa. Kada ya saki kirifto don ya ga alat ko don an ce masa "na tura, sabis ne". Ya buɗe manhajar bankinsa ya ga kuɗin zaune. Ya kuma tabbatar sunan wanda ya biya shi ne sunan da ke kan cinikin, domin kuɗin da suka zo daga asusun wani na iya zama na sata, ƙarshenta banki ya kulle asusun mai gaskiya har a gama bincike. Duk wanda ya ce a fita daga manhaja a ƙarasa a WhatsApp don farashi mai daɗi, yana so ne ya raba mutum da ɗan tsakiya.

Babbar damfara kuwa ba ta sauya murya. MMM ta yi alkawarin ribar kashi 30 a wata, ta kulle kuɗin 'yan Najeriya a Disamban 2016. OneCoin ta tara biliyoyin daloli a duniya ba tare da tana da bulokcen na gaske ba, shugabarta Ruja Ignatova ta ɓace a 2017, har FBI ta sa ta cikin mutum goma da ta fi nema. CBEX ta ce za ta ninka jari cikin kwana 30, ta rufe ƙofa a Afrilun 2025, fusatattu suka farfasa ofishinta a Ibadan, sannan aka nemi waɗanda aka cuta su biya dala 100 ko 200 wai don tantancewa. Alamomin irin wannan damfara uku ne: riba tabbatacciya, lada kan kawo mutane, da neman a biya kafin a cire. Ma'aikacin gaske na kowane kamfani ba ya fara aiko da saƙo a ɓoye, kuma babu wani gyara da ke buƙatar kalmomi 12.

Akwai kuma ɓangaren kasuwa da ake ranta wa mutum kuɗi ya ninka jarinsa sau 10 ko 50 ya yi hasashen farashi. A ninki 10, motsin kashi 10 zuwa ɗayan gefen ya isa ya share jarin kaf, kirifto kuwa kan yi irin wannan motsi a yini guda. Masu sayar da darasi da "sigina" sun fi son wannan ɓangaren, ga dalilin da ba sai an faɗa ba.

Malamai sun saɓa a kan harkar kirifto. Tsohon Muftin Masar, Shawki Allam, ya haramta cinikin Bitcoin; Majalisar Malaman Indunusiya ta haramta amfani da kirifto a matsayin kuɗi a Nuwamban 2021; majalisar shari'a ta hukumar hannun jari ta Malesiya kuwa ta halatta cinikinsa a kasuwanni masu rajista a 2020. Mai tambayar malaminsa ya fayyace masa abin da yake yi, domin riƙe USDT don biyan kaya daga Sin daban, cinikin rance mai ninki daban.

Saura batun da ba a cika tattaunawa a zaurukan 'yan kirifto ba, wato gado. Kuɗin da ke banki magada na iya bi da takardun kotu. Manyan kasuwannin kirifto ma suna da tsarin miƙa wa magada in an kawo shaidar rasuwa da ta kotu, muddin iyali sun san asusun na nan. Walat na kai kuwa ba ya sauraren alƙali. Mai shi ya rubuta a wata takarda daban sunayen kasuwannin da yake hulɗa da su, da irin walat ɗinsa, da layukan da kuɗin ke kai, da inda takardar kalmomin take, ba tare da kalmomin kansu ba. Ya ba wa amintacce ɗaya a cikin iyali, ko ya haɗa da wasiyyarsa, ya kuma riƙa sabunta ta duk lokacin da ya sauya waya ko ya buɗe sabon asusu.